Bindigar Kumfa: Ko Kwalliya Na Biyan Kuɗin Sabulu?

Ranar da na fara harba kumfa a jikin motata, yaran layinmu sun fi ni murna. Asabar ce cikin watan Maris, wajen ƙarfe 11 na safe. Na fito da mota ƙofar gida, na jona inji, na ɗaura kwalba a bakin bindiga, na danna kunama. Kafin ka ce kwabo baƙar Corolla ta koma fara fat, kamar an kifa mata ƙwaryar kindirmo. Yara suka ɗauki ihu. Wani mai babur ya taka burki, ya kashe mashin, ya zuba ido. Ni kuwa na ja da baya na riƙe ƙugu, ina jiran minti 5 ɗin da mutumin cikin wani bidiyo da na kalla ya ce a jira.

Ko minti 2 ba a yi ba kumfar ta fara bushewa a kan bonet. Da na zo ɗauraya sai ga sawu fari-fari tun daga rufi har ƙofofi, irin na ƙafar yaron da ya yi wanka a hunturu bai shafa mai ba. Uwargida ta leƙo ta ƙyauren gida, ta dubi mota, ta dubi jarkokin da na zazzage, ta ce, "Malam, wanki ka yi mata ko farar ƙasa ka shafa?"

Shekara biyu ke nan da wannan abin kunya, kuma har yau kusan kowace Asabar sai na ɗauko bindigar. Saboda haka kada a sa ni cikin masu cewa shirmen 'yan birni ce. Sai dai na ƙi shiga sahun masu tallanta ido rufe. Yawancinmu abin kallo muke saye. Amfaninta na gaske yana wani wuri da bidiyo ba ya tsayawa a kai, domin wurin ba shi da daɗin kallo.

Ni ma ta bidiyon na shigo. Ƙanina ne ya turo mini ta WhatsApp: wani Bature a farfajiyar gidansa, sama lulluɓe da gajimare, ya lulluɓe mota da kumfa mai launin hoda, tana zuba a hankali kamar kunun gyaɗa. Daga nan sai TikTok da YouTube suka gane lagona, duk inda na leƙa kumfa ce. Ba a rufa wata biyu ba na tsinci kaina a kasuwa ina cinikin inji.

Ga wanda bai taɓa riƙe ta ba, babu wani siddabaru a ciki. Kwalbar roba ce mai cin lita 1, da kai na tagulla, ana ɗaura ta a bakin injin feshin ruwa mai ƙarfi. A cikin kan akwai wata 'yar kafa kamar ta allura, faɗinta milimita 1.25, wasu kuma 1.1. In ruwa ya matsu ya kutsa ta wannan kafar sai gudunsa ya ƙaru, matsinsa ya faɗi, faɗuwar nan ce ke zuƙo ruwan sabulu ta wani siririn tiyo daga cikin kwalba, ta kuma jawo iska ta gefe. Duk bakaniken da ya taɓa kwance kafireto ya san dabarar, don da ita iska ke jan fetur, kuma wani Ba'italiye mai suna Giovanni Venturi ya bayyana ta tun 1797. Daga nan ruwa da sabulu da iska su bi ta cikin wani dunƙulen waya mai kama da soson ƙarfen wanke tukunya. Shi ne maburgin da ke kaɗa su su fito kumfa. Tana da ƙanwa da ake jonawa a tiyon famfo kawai, wadda kumfarta ruwa-ruwa ce, akwai kuma ta hannu da ake bugawa kamar famfon feshin manoma.

To me kumfar take yi? A tambayi duk macen da ta taɓa kankare ƙanzo. Ba ta afka wa tukunya da soso tana bushe. Ruwa take zubawa ta ajiye gefe, ta tafi wani aikin, in ta dawo ƙanzo ya saki da kansa. Jiƙo ke nan, kuma aikin kumfa bai wuce shi ba. Tsinkakken ruwan sabulu in ka watsa a ƙofar mota nan take zai gangare ƙasa. Kumfa kuwa maƙalewa take yi, ta riƙe sabulun a jikin datti na 'yan mintuna har ya ratsa, ya sassauta riƙon da datti ya yi wa fenti, sannan ta zame da abin da ta iya ɗauka. In ka bi da ɗauraya, babban yashi da ƙura sun tafi tun hannunka bai taɓa motar ba.

Amma mota ba ta wanku ba tukuna, kuma nan ne masu bidiyo ke yanke hoto. Na gwada da kaina. Na harba kumfa, na jira, na ɗauraye sarai, motar tana sheƙi. Sai na ɗauko farin hankici na shafa a ƙasan ƙofa sau ɗaya. Ya fito da baƙin layi. Akwai wani siririn datti na hayaƙi da maiƙon titi da ke liƙe wa fenti, ba ya fita sai an sa hannu. Wanda ya ce maka ya daina taɓa motarsa tun da ya sayi bindigar kumfa, ko dai ba ya duba ta da kyau, ko kuwa yana zuba mata sabulu mai kaifin da ke cin abin da ba a aike shi ba.

Yawan kumfa ma ba shi ne ƙarfin sabulu ba. Mu dai mun taso da wannan imani, in omo bai yi kumfa ba mu ce jabu ne. Alhali sabulun da ake yi wa injin wankin tufafi na zamani da gangan ake rage masa kumfa, kuma yana fitar da datti tas. Kumfa yawancinta iska ce. Masu haɗa sabulun mota sun san idonmu ke biyan kuɗi, shi ya sa suke ƙara sinadarin da zai sa ta yi kauri kamar ta aski. Kumfar da ta tsaya cak a jikin mota ba ta motsi ta fi kyau a hoto, amma wadda ke da ɗan ruwa-ruwa, tana zamewa a hankali, ita ce ke jan datti ƙasa. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Duk da haka ina kare ta, kuma dalilina yana hannun Baba mai gadin layinmu.

Kullum bayan sallar asuba, musamman daga Nuwamba zuwa Fabrairu, Baba yakan ɗauko wani tsohon tawul da yake ratayewa a kafaɗa, ya bi motocin layi ɗaya bayan ɗaya. Ya kaɗe, ya goge, ya kuma zagaya da hannu da'ira-da'ira har ƙura ta ɓace. Mutumin kirki ne, kyautatawa yake yi, kuma duk ƙarshen wata kowa yakan miƙa masa na goro. Shekara uku yana yi wa motata wannan hidima ina yi masa godiya. Wata rana da daddare na tsaya shan mai, hasken fitilar gidan man ya faɗo a kan bonet, sai na ga dubban zane-zane sirara sun kewaye hasken kamar saƙar gizo-gizo. Motar da na ɗauko daga Kwatano baƙa wuluk ta koma toka-toka, na daɗe ina ɗora wa rana laifi.

Rana tana da nata kason, amma babban mai laifi tawul ne. Fentin mota hawa-hawa ne, kuma na can sama, marar launi mai sheƙi, wanda masu fenti ke kira kiliya, kaurinsa bai wuce maikuron 40 zuwa 50 ba. Silin gashin kai ɗaya ya fi shi kauri. A kan wannan ɗan fatar ne ƙurar hunturu ke sauka. Ita kuwa ƙurar ba garin alkama ba ce, ko da yake haka take a ido. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mana gari yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, inda ƙasar take cike da ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu tun dubban shekaru. Ɓawon nan irin sinadarin gilashi ne, kuma irin garinsa ake sakawa a wasu magungunan goge ƙarfe. A haɗa da ƙwayar yashin titunanmu, wadda ta fi gilashin mota kansa tauri. Duk wanda ya ɗora busasshen tsumma a kan wannan ya murza, samfefa ya yi wa motarsa. Baba yana yi mini samfefa sau bakwai a mako, ni kuma ina ba shi tukuici.

Ba Baba kaɗai ba ne. Je ka yawancin wuraren wankin bakin titi ka tsaya ka kalla. Bokiti ɗaya, soso ɗaya. Da shi za a wanke taya da ƙarƙashin bamba, a tsoma a bokitin, a ɗago a ɗora a kan ƙofa. In ya faɗi ƙasa a ɗauka a kaɗe a ci gaba. Ruwan bokitin kafin a gama ya koma kalar kunun kanwa, yashi kwance a gindi, duk tsomawa sai soso ya kwaso. A wannan ƙasa tamu, inda dattin mota yawancinsa busasshen yashi ne da jar ƙasa, duk dabarar da za ta sauke yashi kafin hannu ya taɓa fenti ta cancanci a saurare ta. Turawan da suka ƙirƙiro abin laka da gishirin titin lokacin sanyi suke yaƙa. Mu da muke fama da hazo wata huɗu a shekara muna iya fin su buƙatarta.

Abin da nake yi yanzu ba shi da tsawo. In akwai laka ko ƙura ta yi kauri, ina fara sauke ta da ruwa zalla. Sai kumfa, daga ƙasa zuwa sama, sabulu kashi 1 ruwa kashi 9 a kwalba, sai in wanda na saya ya ce ba haka ba. In jira, in ɗauraye. Sannan in ɗauko bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗaurayar soso, da tawul mai laushin nan da ake kira maikurofaiba, in bi mota daga rufi zuwa ƙasa, ba da'ira ba, miƙe. Taya da nata soson daban, kuma ba ya kusantar fenti. Bokiti na biyun nan, wanda bai kai kuɗin cin abinci sau ɗaya a gidan abinci ba, ina jin ya yi wa motata aikin da ya kusa kai na injin.

Sai dai mutumin cikin bidiyo ba a Kano yake ba, kuma abubuwa uku da yake da su kyauta mu sai mun saya.

Na farko inuwa da sanyi. Minti 5 ɗinsa a ƙarƙashin gajimare ne. A nan cikin Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ƙarfen baƙar mota kuwa in ya sha rana ba ka iya ɗora tafin hannu. A hunturu ma da ake ganin akwai sanyi, iskar a bushe take ƙayau, tana shanye ruwa kamar soso. Sabulun da ya bushe a jikin fenti tabo yake bari, abin da ya same ni ke nan ranar farko. Lokacin wanki a garin nan biyu ne, bayan asuba kafin rana ta ɗaga, ko la'asar sakaliya, kuma a inuwa, injin mota a huce. In ka ga kumfa ta fara yin ƙofa-ƙofa, kada ka dubi agogo, ɗauraye.

Na biyu wuta. Ƙaramin injin feshi na gida yana cin wajen wat 1,400, kuma a daidai lokacin tashi yana fizgar fiye da haka. Ƙaramin janareton nan da kowane mai shago ke ajiyewa a bakin ƙofa ko wat 1,000 ba ya bayarwa. Na jona nawa sau ɗaya, ya yi tari biyu ya mutu. Sai ka jira a kawo wuta, kuma ba a kan Asabar ɗinka ake tsara kawowa ba, ko ka tada babban janareto. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuwa, duk mai tada janareto don wankin mota sai ya yi lissafi sau biyu. Wannan lissafin babu shi a jikin kwali.

Na uku ruwa, kuma nan ne na fi daɗewa ina kokawa da raina. Famfo ya manta da layinmu tun tuni, da 'yan garuwa muke rayuwa. Abin mamaki, in aka bi ta lissafi injin feshi ba shi ne mai ɓarna ba. Irin nawa yana fitar da wajen lita 6 a minti, kuma sai ka danna kunama yake zuba. In duka-duka ka danna na minti 10, lita 60 ke nan, bai cika jarka uku masu lita 25 ba. Tiyon da aka sake daga tanki kuwa yana iya zubar da lita 15 a minti, kuma mun san halinmu, ajiye shi muke yi a ƙasa yana kwarara muna saɓa sabulu. Minti 20 a haka lita 300 ne, jarka 12, kusan kurar mai garuwa guda. Don haka wanda ya bar tiyo ya koma inji ya rage ɓarna ƙwarai. Amma a faɗi gaskiya, yaron da ke wanke mota da bokiti biyu ya fi mu duka tattali. A 2018, da fari ya matsa wa birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, lita 50 aka ƙayyade wa kowane mutum a rana, sha da girki da wanka da wanki duka a ciki, aka kuma hana wanke mota da ruwan famfo. Wankina ɗaya na tattali ya fi rabon mutum guda na yini a can a lokacin. A layinmu akwai gidajen da ba su samun ko hakan, ba tare da wata doka ta ƙayyade musu ba.

Irin ruwan ma abin dubawa ne. Rijiyoyi da burtsatse da yawa ruwansu na da zartsi, kuma mata sun riga kowa sanin ruwan zartsi ba ya kumfa. Kai kana zargin kwalba, kana ƙara sabulu, ashe ruwan ne. In ya bushe a jikin mota kuma sai ya bar ɗigo-ɗigo fari da ba ya fita da sauƙi, don haka tsanewa da tawul mai tsabta wajibi ce, ba a bar wa rana. Ruwan garuwa kuma ba ya rasa ɗan yashi a gindin jarka. Kafar da faɗinta bai wuce milimita 1 da ɗoriya ba, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta toshe ta, sauran kuma su shiga su ci famfon injin. Yanzu sai na tace da ƙyalle a bakin duro, kamar mai tatar gasara. Kuma in ruwa ya ƙare a duro inji na aiki, kashe shi nan take, don gudu a bushe ke ƙona shi. Wanda injinsa ƙarami ne, kumfarsa na fitowa tsararo, sau da yawa sauya 'yar kafar nan daga 1.25 zuwa 1.1 ne maganin, ba sabon inji ba.

Maganar omo kuwa gajeriya ce. Muna kiran kowane garin sabulu omo, kuma an yi shi ne don ya ci maiƙo a jikin tufafi. Yana da kaifi irin na kanwa. A jikin mota yana cinye kakin da aka shafa don kariya, a hankali ya kuma kashe baƙin robobin gefen gilashi su koma fari. A cikin bindiga kuma garin da bai narke ba toshe ta yake yi. In mutum ba zai sayi sabulun mota ba, to kada ya wahalar da kansa da sayen bindiga.

Akwai wani abin da ya kamata a faɗa da babbar murya, don ni sai da na biya kuɗin makaranta. Mai faci yana ba tayarka iska 32 ko 35. A wannan ma'aunin, ƙaramin injin gida yana harba ruwa da matsin da ya kai 1,600. Yawancin motocinmu kuwa 'yan Kwatano ne, kuma da wuya ka sami wadda wani ɓangarenta bai sha gyaran fenti ba, ko can ko nan. Fentin kamfani yana jurewa. Wanda aka fesa a garejin bakin hanya, ƙura na tashi, ba lallai ya kama da kyau ba. Wata rana kashin tsuntsu ya bushe a bambar baya, na matso da bakin bindiga kamar taƙi ɗaya don in gama da shi. Kashin ya fita, fenti mai faɗin tafin hannun yaro ya bi shi. Garin neman gira na rasa ido. Sai a lokacin na san bambar ta taɓa shan duka kafin ta zo hannuna.

Injina da yawa suna zuwa da kawunan feshi masu launi. Ja yana harba ruwa tsinin allura, ba shi da abin yi kusa da mota. Fari, mai buɗewa digiri 40, shi ne na fenti, kore kuma na taya da ƙarƙashi. A bar aƙalla kamu ɗaya tsakanin baki da mota. Kada a nuna wa mutum, ko da wasa, don ruwan yana iya huda fata ya shiga nama, kuma raunin ƙarami ne a ido, babba a ciki. Yaran da suka taru suna ihu ranar farko, ɗaya daga cikinsu har ya miƙo ƙafa wai in wanke masa. In na tuna gabana faɗuwa yake yi. Ga kuma wayar wuta kwance cikin ruwa, mutum tsaye ba takalmi, soket ɗin da babu wayar ƙasa. Cikin injin mota ma na daina fesawa, motocin yanzu cike suke da na'urori da soket-soket da ba sa shiri da ruwa mai ƙarfi.

To ina kumfar take zuwa in ta sauka? Injin feshin nan Jamusawa suka yi suna da shi. Alfred Kärcher ya fito da nasa mai ruwan zafi a 1950, kamfaninsa har yau yana garin Winnenden. Amma a garuruwa da yawa na Jamus ɗin doka ba ta yarda ka wanke mota da sabulu a ƙofar gidanka ba, don kada sabulu da baƙin mai su sauka cikin ruwan ƙarƙashin ƙasa. Sai ka kai ta wurin wankin da ke da matatar mai. Mu da muke sha daga rijiyar tsakar gida ba mu taɓa tsayawa kan wannan ba. Ruwan kwatar cikin birni da yawa kogin Jakara yake faɗawa, kuma duk wanda ya bi gaɓarsa ya ga masu lambu na ban ruwa da shi. Kumfar motata ɗigo ce a cikin wannan, na sani, amma dalili ne na rage hannu wajen zuba sabulu, tunda rabin abin da nake zubawa a da don ido ne.

Akwai kuma idon maƙwabta. Lissafina na lita 60 daidai ne, amma matar da ta aiko 'yarta da bokiti tun asuba ba lissafi take gani ba. Farar kumfa take gani tana bin kwata ta wuce ƙofar gidanta. Malamai sun sha gaya mana ko a alwala ba a son almubazzaranci da ruwa, balle a wankan ƙarfe. Babu wanda ya ce mini uffan, sai dai gaisuwar wani dattijo da ya tsallake kumfar zai tafi masallaci ta yi gajarta fiye da kullum. Tun daga ranar na koma yin wankina a cikin gida, ƙofa a rufe.

Na taɓa kai bindigar wurin wani magidanci da ya fi shekara goma yana wankin mota a bakin titi kusa da mu. Ya karɓa, ya jujjuya, ya leƙa cikin kan, ya jona a injinsa ya harba a jikin wata Sienna. Ya tsaya yana kallo har ta fara zuba. Sai ya ce, "Alhaji, kumfa ai iska ce, hannu ke wanki." Na ce haka ne. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Amma nawa ka saye ta? Yaran can na gaba sun sayo irinta, masu manyan motoci duk sun koma can. Mutum in bai ga fari ba gani yake ba a wanke ba." Na gaya masa kuɗin. Na kuma ce in zai ji tawa ya fara da ƙara bokiti da ware soson taya. Ya yi dariya ya ce, "Wa zai ƙara mini ko sisi don ya ga bokiti biyu?" Ban sami amsar ba shi ba. Bayan wata guda na wuce na ga kwalba rataye a jikin rumfarsa, bokitin kuwa yana nan guda ɗaya.

Har yanzu ina kai masa mota da damina, in laka ta cika ƙarƙashi, da kuma share ciki. Bindigar ba ta raba ni da shi ba, kuma ban so ta raba mu ba.

Wa zan ce ya saya? Wanda yake da tanki ko burtsatse a gida, da wutar da za ta ɗauki injin, da inuwa, da siminti mai magudana, kuma motarsa tana da sauran fentin da za a kare, musamman baƙa ko mai duhun launi. Shi kwalliya za ta biya masa kuɗin sabulu, in ya tuna kuɗin sake fentin mota guda. Wanda ke haya a lungu, yana sayen ruwa jarka-jarka, ya sayi ta hannun nan mai famfo, ko ma famfon feshin manoma sabo da bai taɓa ganin maganin ƙwari ba. Kumfarsa ba za ta tara yara ba, amma jiƙon da ake nema zai samu da lita biyu ko uku. Wanda kuma motarsa rana ta riga ta cinye sheƙinta, rufi ya fara furfura, ya riƙe kuɗinsa ya sayi taya.

Abin da ya fi ba ni wuya duk cikin wannan shi ne Baba. Na same shi bayan asuba, na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye kafin na roƙe shi ya daina goge tawa, na ce na goronsa yana nan ba zai canja ba. Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Alhaji, in mutane suka ga motarka da ƙura ai ni za a zaga, a ce Baba ya tsufa." Na nuna masa zanen a kan bonet da fitilar waya. Ya duƙa ya duba, ya shafa da yatsa, ya ce shi bai ga komai ba. Daga ƙarshe muka daidaita: gilashi da fitilu nasa ne, da ruwa a buta, fenti kuma nawa.

Yanzu daga Litinin zuwa Juma'a cikin hunturu motata ta fi ta kowa datti a layin. Larabar da ta wuce na fito zan tafi aiki, na tarar wani yaro ya rubuta da yatsa a ƙofar baya, da manyan baƙaƙe, A WANKE NI. Baba na zaune a bencinsa, tawul a kafaɗa, ya kau da kai yana jan carbi. Na bar rubutun har Asabar.